Ma'anar "karramawa", da abin da take nufi ga baƙon mai fasaha a Damagaram

Kalmar karramawa ta cika bakin mutane a 'yan shekarun nan. Da wuya a tashi taro a Damagaram, na makaranta ne ko na ƙungiya ko na raya al'adu, ba a ji mai gabatarwa ya ce yanzu lokacin karramawa ya yi ba. Sai a kira mutum, a miƙa masa takarda cikin gilashi, a ɗauki hoto, kafin magariba hoton ya gama zagaya Facebook da WhatsApp. Yawan ganin haka ya sa yara da dama suka ɗauka iyakar ma'anar kalmar ke nan. Ta fi haka nisa, kuma inda ake ganin nisanta sosai shi ne wajen baƙo mai sana'ar fasaha: makaɗi, mawaƙi, mai zane, magini, maɗinki, wanda ya baro ƙasarsu ya zo ya zauna cikinmu.

Asalin kalmar Larabci ne, daga tushen da ya ba mu karamci da karimi da sunan Abdulkarim. Karrama kuwa aiki ne da ake yi wa wani, wato ka ɗaga darajarsa har kowa ya gani. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ta a Suratul Isra'i, aya ta 70, inda Allah ya ce ya karrama 'ya'yan Adam. Aya ba ta ware ɗan gari daga baƙo ba, ba ta tambayi takardar haihuwa ba. Ga kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya karrama baƙonsa. Tun daga tushe ke nan, kalmar da baƙo tafe suke tare.

Ana yawan gauraya ta da 'yan'uwanta. Yabo magana ce, iska na iya ɗauke ta kafin a watse. Girmamawa galibi daga ƙasa take hawa sama, ga dattijo ko malami ko mai sarauta. Karamci shi ne wanda muka fi ƙwarewa a kai: ruwan sanyi, fura, shimfiɗa, sakin fuska. Babu mai ƙwace mana wannan, baƙonka annabinka muka taso muna ji. Sai dai karamci yana da wani zato a ƙarƙashinsa, zaton cewa mutumin nan zai tafi. Shi ya sa muke cewa baƙo raɓa ne. To idan raɓar ta ƙi bushewa fa? Idan mutum ya shekara goma a Garin Malam ko Sabon Gari, ya yi aure, 'ya'yansa suna Hausa irin ta Damagaram, kuma har yau ana ce masa baƙonmu? A nan karamci ya gama aikinsa, abin da ya rage shi ne karramawa: a tsaya gaban jama'a a ce wannan mutum da aikinsa sun shiga lissafin gari.

Kakanninmu sun san wannan, kuma ba da takarda suke yi ba. Idan gwanin sana'a ya sauka a gari, sarki ya ga aikinsa, akan ba shi riga, a ba shi wurin zama, wani lokaci har da doki, in ya kai a naɗa masa rawani. Sarautun sana'a irin su sarkin makaɗa, sarkin maƙera, sarkin magina, duk hanya ce ta ba gwani mazauni a fada da murya a gari. Abin lura a nan shi ne duk abin da ake bayarwa mai ɗorewa ne. Rawani yana nan gobe, gida yana nan baɗi, kuma 'ya'ya suna gadon sunan.

Damagaram kanta haka aka gina ta. Gidan sarauta daga wajen Barno tushensa yake, har yau sunayen sarautu irin su Ciroma da Kaigama suna shaida haka, amma harshen gari Hausa. Unguwar Birni ta sarki da fadawa ce, Zango kuwa sunansa ma ya faɗi aikinsa: masaukin ayari, inda Buzaye da fataken Kano da Larabawan arewa suke sauke kaya, har da yawansu suka ƙi tashi. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun wanda ya gina ganuwa aka kuma ƙera igwa a garin nan, Damagaram mahaɗa ce tsakanin Kano da Barno da Agadas. Bayan Faransawa sun ci garin a 1899, nan ne babban birnin Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai, kuma wancan zamani ya kawo ma'aikata da masu sana'a daga sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. Wanda ya tsaya ya dubi zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen Birni da Zango, ko aikin fatar dukawanmu, ba zai iya rantsuwa cewa hannun ƙabila ɗaya ne ya kai su haka ba. Abin da 'yan boko suke kira al'umma mai al'adu daban-daban, mu a cikinsa aka haife mu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kan wannan kalma wani dare ne da na halarci taron raya al'adu a nan cikin gari. An fito da wani dattijo mai busa algaita, daga cikin mutanen da rikicin gabas ya koro daga yankin tafkin Cadi, suka bi ta Difa bayan hare-haren 2015, wasu suka ƙaraso nan. Algaitarsa tsohuwa ce, fatar da aka naɗe ta da ita ta yi baƙi saboda gumin hannu, an ɗaure wani tsage da zare. Da ya sa ta a baki kumatunsa suka cika, ya riƙe sauti ɗaya yana shaƙar iska ta hanci ba tare da busar ta yanke ba, har 'yan matan da ke danna waya a baya suka ɗago kai. Wata tsohuwa kusa da ni ta rangaɗa guɗa. Da ya gama, mai gabatarwa ya ce a tafa wa ɗan gudun hijira. Shi ke nan. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, bai faɗi wurin wanda ya koyi busa ba. Da lokacin karramawa ya zo, takardu takwas na ƙirga, duk suka tafi ga waɗanda suka shirya taron da waɗanda suka ba da kuɗi. Na iske shi a bakin ƙofa yana lanƙwasa kuɗin kabu-kabu da aka damƙa masa. Na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Yawwa ɗana, Allah ya yi albarka." Bai yi ƙorafi ba, kuma rashin ƙorafin ne ya fi tsaya mini a rai.

An yi masa karamci a daren nan, don an ba shi kujera da ruwa. Ba a karrama shi ba. Farkon karramawa suna ne. Mai fasaha da sunansa yake cin abinci, domin mai aurar da 'ya da ya ji busar nan ba shi da yadda zai neme shi idan abin da ya sani kawai shi ne wani ɗan gudun hijira. Kiran mutum da musibar da ta same shi, a bar sana'ar da ya shekara arba'in yana yi, rage masa daraja ne ko da an yi da kyakkyawar niyya. Tausayi ake nema masa a lokacin da ya cancanci a jinjina masa.

Bayan suna sai haƙƙi, kuma nan ne baƙo ya fi cutuwa. Ɗan gari idan an rage masa lada yana da kawu ko ubangida da zai je ya yi magana. Baƙo ba shi da kowa, ga tsoron a tambaye shi takardu, sai ya karɓi abin da aka ba shi ya yi godiya. A ɗauki waƙarsa da waya a wurin biki, masu tura waƙoƙi su zuba ta a katin waya a kasuwa, ta yi yawo ba sunansa ba sisinsa. Alhali doka ba ta bar shi a banza ba. Nijar na da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma tana cikin yarjejeniyar Berne wadda aka fara ƙullawa a 1886, mai cewa aikin ɗan wata ƙasar da ke cikin yarjejeniyar yana samun kariya irin ta ɗan ƙasa. Hukumar UNESCO ma ta fitar da shawara kan matsayin mai fasaha a 1980, sannan a 2005 aka amince da yarjejeniyar kare bambancin al'adu. Duk waɗannan rubuce suke da harshen da dattijon algaita ba ya karantawa. Wanda ya zauna ya fassara masa su, ya raka shi inda ake rajista, ya karrama shi fiye da mai miƙa gilashi.

Akwai wata karramawa da ta fi duk waɗannan, ita ce a zauna gaban mutum a koya. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tubawa daga Taskar a jihar nan, ya yi suna da gurmi, amma da ya ga biram, kayan kiɗan Buduma masunta na tafkin Cadi mai tsirkiya biyar, yana neman ɓacewa, sai ya tafi wurin tsohon da ya rage da saninsa ya zama ɗalibi. Ya ɗauki biram har Turai, yana ambaton malaminsa da mutanen da suka mallaki abin, har ya rasu a 2018. Ba ƙabilarsa ba ce, ba gadonsa ba ne, amma ta hannunsa duniya ta ji sunan Buduma.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini: namu ma wa ya karrama su? Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Akwai majema da dukawa da magina a garin nan da suka tsufa ba wanda ya taɓa kiran sunansu a lasifika. An yi Zinder Sabuwa a 2018, wato shirin gyaran gari don bikin ranar Jamhuriya, an gyara tituna an yi gine-gine, amma tsohon magini mai zanen bango yana nan yana neman wanda zai gada. Sai dai ciwon ɗaya ne. Taron da ya manta sunan baƙo shi ne yake manta sunan ɗan gari talaka, domin idonsa na kan mai kuɗi da mai muƙami. Kuma mu tuna namu suna baƙunta a wani wuri. 'Ya'yan Damagaram nawa ne suke waƙa da fim a Kano, suke ɗinki da gini a Legas da Abijan da Libiya da Aljeriya? Idan aka kira ɗayansu a dandali da sunansa da sunan garinsu, mu nan har murna muke yi muna tura wa juna bidiyon.

Bayan wata biyu da wancan dare na sake ganin dattijon, a wani ɗaurin aure a Zango. Uwar amarya ce ta sa aka nemo shi, ta yi ciniki da shi tun kafin ranar, ta biya rabi a hannu. Da ya shigo, maroƙin gidan ya ɗaga murya ya faɗi sunansa, da sunan mahaifinsa, da garin da ya baro a bakin tafki, ya ce gwanin algaita ne ɗan gwanin algaita. Aka shimfiɗa masa darduma kusa da makaɗan gari, mai ganga ya matsa masa. Kafin a tashi mutum biyu sun karɓi lambar wayar ɗansa, wani kuma ya kawo yaronsa ɗan shekara goma sha biyu ya tambaya ko zai riƙa zuwa zaurensa ranar Alhamis da yamma.