Barin Shan Taba Sigari

Barin shan taba sigari shi ne mutum ya daina busa hayaƙi gaba ɗaya, jikinsa kuma ya rabu da dogaro ga nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba mai sa jaraba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a duk shekara. A Najeriya, binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manya suna amfani da taba, maza kashi 10, mata kashi 1.1. A Zamfara da Kebbi sigari ce aka fi gani, sai taba gari da wasu dattawa ke shaƙa ko sawa a baki, sai kuma shisha da ta shigo cikin samarin Gusau da Birnin Kebbi. Duka nikotin ɗaya ce a cikinsu.

Yadda jarabar take

Da mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ta sa a saki dofamin, sinadarin da ke kawo jin daɗi. Bayan kamar awa 2 rabinta ya fice daga jini, shi ya sa hannu ke komawa aljihu. Amma yawancin cutar daga hayaƙin take. Akwai sinadarai sama da 7,000 a cikinsa, aƙalla 69 daga ciki suna jawo ciwon daji.

Igiya biyu ce ta ɗaure mashayi: ta jini da ta sabo. Ta jinin takan saki cikin 'yan makonni. Kwana 2 zuwa 3 na farko su ne mafi tsanani, da saurin fushi, rashin barci, ciwon kai, yawan jin yunwa da kasa tattara hankali, sannan abin ya yi ta sauƙi cikin mako 2 zuwa 4. Ta sabon ce mai taurin kai, ita ce Hausawa suka ce turken wawa. Ɗan kabu-kabun da ya shekara goma yana kunna kara ɗaya da zarar mai shayi ya miƙo masa kofi a bakin tashar Kaura Namoda, ko nikotin ta bar jininsa sarai, ƙarar cokali a cikin kofi kaɗai ta isa ta tayar masa da kwaɗayi.

Shiri da ranar bari

Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a tsayar da rana guda cikin mako 2 masu zuwa, a sanar da iyali da abokan zama. Daren jajiberin ranar a fitar da kwali da ashana daga aljihu da ɗaki da mota, a wanke kayan da suka kama wari. Ragewa a hankali na iya zama shiri, amma sai an kai ga sifiri, domin ko kara ɗaya a rana yana cutar da zuciya.

Kwaɗayi yakan zo kamar guguwa, ya yi 'yan mintoci ya wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Abin da ake nema kawai shi ne a tsallake waɗannan mintocin: a kurɓi ruwa, a tashi a taka, a yi alwala, a ja numfashi a hankali. Asuwaki na da amfani sosai a nan, don yana ba hannu da baki aikin da suka saba. Goro kuwa a bi shi a sannu. Hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin kawar da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro mai hana barci, to da an daina sai goro da shayi da kofi su ƙara ƙarfi a jiki, mutum ya kwana ido biyu yana ɗora wa barin taba laifi.

Babban tarkon a wannan yanki shi ne sayar da kara ɗaya-ɗaya. Dokar Taƙaita Taba ta 2015, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta hana hakan, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Amma duk wanda ya san tireda ya san dokar ba ta iso teburin ba. Mai bari ba ya buƙatar kuɗin kwali kafin ya koma ruwa, canjin da ke hannunsa ya isa. Ga kuma majalisa, inda wani zai miƙo masa guntu yana cewa, "Haba Malam, zuƙa ɗaya dai." Wannan zuƙar ce ta fi mayar da mutane, shi ya sa sauya hanya da wurin zama na wata guda ya fi dogon alkawari amfani.

Watan azumi dama ce babba, tun da mashayi ya riga ya iya haƙuri daga asuba zuwa magariba. Wurin da ake faɗuwa shi ne bayan shan ruwa, lokacin da wasu ke jera kara biyu ko uku. Wanda ya wuce masallaci kai tsaye ya zauna har a idar da asham ya tsallake sa'a mafi wuya.

Magunguna

A ƙa'idojin da ta fitar a 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da magani iri 4: madadin nikotin, bareniklin, bufurofiyon da saitisin. Madadin nikotin yana ba jiki sinadarin ba tare da hayaƙi ba, a riƙa rage shi cikin mako 8 zuwa 12. Akwai filastar da ake manna wa a busasshiyar fata, a sauya wuri kullum, akwai kuma cingam mai miligiram 2 ko 4. Ba a tauna shi kamar na yara. A tauna kaɗan har a ji yaji, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya lafa a sake taunawa. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya kaɗai aiki.

Bareniklin da bufurofiyon ƙwayoyi ne da likita ke rubutawa, ana fara su kamar mako guda kafin ranar bari. Mai farfaɗiya ba ya shan bufurofiyon. Mai juna biyu da mai taɓin hankali su ga likita kafin komai. Ba kowane kemis ne ke ajiye waɗannan ba, sai a nemi shawara a manyan asibitocin Gusau da Birnin Kebbi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Magani haɗe da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowannensu shi kaɗai. Komawa shisha ko taba gari kuwa sauya tukunya ce kawai.

Abin da jiki ke samu

Cikin minti 20 bugun zuciya ke sauka. Cikin awa 12 gubar kabon da ke hana jini ɗaukar iska ta koma daidai. Tari da haki kan ragu tsakanin wata 1 zuwa 9, ko da yake wasu tarinsu kan ƙaru a makonnin farko yayin da huhu ke fitar da majina. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, na dajin huhu kuma sai bayan shekara 10. Wanda ya bari yana ɗan 30 kan ƙara kusan shekara 10 a tsawon rai in an kwatanta da wanda ya ci gaba, ɗan 40 shekara 9, ɗan 60 shekara 3.

Ƙiba kan ƙaru da 'yan kilo a shekarar farko, saboda ɗanɗano ya dawo, abinci ya yi daɗi. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya, don haka a asibiti in mutum ya koma, akan tambaye shi inda ya zame da wanda yake tare da shi, a sa sabuwar rana.