Kafin ka zuba jarinka a kyamara a Legas: tambayoyi da amsoshi

Aikin ɗaukar bidiyo ya samu karɓuwa a wurin samarinmu na Agege, Idi-Araba, Mil 12 da Alaba Rago. Biki ba ya yankewa, ga suna, ga walimar sauka, ga maulidi da tafsirin azumi, ga 'yan kasuwa da kowa yake son a ɗauki kayan shagonsa ya ɗora a TikTok. Tambayoyin masu shigowa harkar kusan iri ɗaya ne, kuma yawanci a kan kyamara suke tsayawa. A ganina kuwa, ƙara da wuta da laimar garin nan sun fi ɓata aiki fiye da rashin babbar kyamara.

Oga, wace kyamara zan fara saya?

Sai ka fara gaya mini aikin da ke hannunka. In tallan shago ne na minti ɗaya ko biyu, wayar aljihunka ta isa. Ka sayi makirfo da fitila da abin kafawa mai ƙafa uku, ka adana sauran kuɗin. In kuwa taro za ka riƙa ɗauka, abu uku za ka duba: ta iya daɗewa tana ɗauka ba ta tsaya ba, ta iya kama fuska da kanta, sannan batirinta da gilasanta (wato lens, idon da ake ɗaura mata a gaba) su zama ana samun su a kasuwa.

Maganar daɗewar nan mutane ba sa lura da ita sai ta kunyata su. Yawancin tsofaffin kyamarorin hoto suna yanke ɗauka a minti 29 da sakan 59. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su, saboda a da Tarayyar Turai tana ɗora ƙarin kuɗin fito a kan duk na'urar da ke ɗaukar minti 30 a jere, tana lissafa ta a matsayin kyamarar bidiyo. Canon 80D ta 2016 tana da wannan iyaka, duk da cewa wajen kama fuska ba ta da matsala kuma launinta yana da daɗi. A biki ba komai, ka sake dannawa. A tafsiri kuwa, sai malam ya kai tsakiyar aya ta tsaya, kai kuma hankalinka yana wani wuri. Sony A6400 ta 2019 da ZV-E10 ta 2021 ba su da wannan iyaka, suna kuma bin fuska da kyau, sai dai ƙaramin batirinsu ba ya jimawa, dole ka tara su ko ka jona ta da fawa bank. Panasonic GH5 ta 2017 jaruma ce wajen juriya, tana cin memori biyu lokaci guda, amma in ka bar mata fokos, wato ta kama fuska da kanta, sai ta yi ta kai-komo. Canon M50 tana da araha a hannu na biyu, amma ka sani kamfanin ya daina wannan layi ya koma wani tsarin kyamara da gilashi da ake kira RF.

Wanda aikinsa wa'azi ne zalla, ni kamkoda, wato kyamarar bidiyo zalla, nake ba shi shawara, irin wadda samari suke rainawa. Tana zuƙo nesa, tana aiki da wutar soket, ba ta gajiya.

Mai biki ya ce sai 4K. Dole ne?

Ka tambaye shi inda zai kalla. Mafi yawan aikinmu a waya yake ƙarewa, kuma da zarar ya bi ta WhatsApp an matse shi. 4K, wato hoton da ya ninka na 1080 sau huɗu a yawan ɗigo, mai gudun megabit 100 a sakan yana cin kusan gigabait 45 a awa ɗaya. Ka lissafa kamu da ɗaurin aure da dina, ka ga memorin da za ka tanada da irin kwamfutar da za ta iya tace shi ba tare da tana maƙalewa ba. 1080 mai tsabta ya wadatar. Inda 4K yake da rana shi ne hira da kyamara ɗaya: kana iya yanko fuska kusa a wurin tacewa, ya zama kamar da kyamara biyu aka yi.

Me ya sa hotona yake ƙyaftawa in na shiga ɗakin taro, wani lokaci har da layuka suna hawa?

Wannan laifin saiti ne. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan, ta Amurka sau 60. Kyamarar tokumbo da ta fito daga can tana zuwa a kan tsarin NTSC, wato firem (adadin hotuna a sakan) 30 ko 60. Fitilun ɗakin suna numfashi da lissafin 50, kyamararka tana ɗauka da lissafin 60, sai a samu saɓani. Ka shiga menu ka mayar da ita PAL, ka ɗauka a firem 25 da shota (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto) 1/50, ko firem 50 da shota 1/100 in kana son ka rage gudu daga baya. Masu iPhone ma akwai wurin kunna tsarin PAL a saitin kyamara.

Amma nan Legas ce. Kana cikin aiki Nepa ta ɗauke, a tayar da janareto, kuma ƙaramin janareto ba ya tsayawa daidai a kan 50, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Don haka duk lokacin da aka sauya wuta ka sake duban allo, ka ɗan motsa shota har layukan su kwanta. Wasu fitilun ado masu araha kuwa ko me ka yi sai sun ƙyafta. Ka juya musu baya, ka haska mutanenka da fitilarka mai batir.

Na sayi kyamara mai tsada amma murya ba ta fita. Ina matsalar?

A nan nake son a daɗe. Mutum zai haƙura ya kalli hoto mai ɗan duhu, amma in ba ya jin abin da ake faɗa, cikin sakan kaɗan zai wuce. Makirfon da ke jikin kyamara abin da ya fi kusa da shi yake ji: numfashinka, fanka, janareton maƙwabta, hon ɗin danfo, kwandasta yana kiran Oshodi. Mai magana kuma yana can taku goma.

Maganin ɗaya ne, kusanci. Makirfo ya kasance bai wuce taƙi ɗaya daga bakin mai magana ba. Ɗan maƙalawa mai waya irin Boya BY-M1, mai igiya kusan mita 6, yana cikin mafi araha a kasuwa, kuma a hira ya fi makirfon kowace kyamara. Marasa waya irin Rode Wireless GO, DJI Mic da Hollyland Lark sun sauƙaƙa aiki, sai dai a zangon 2.4 GHz suke tafiya, inda wayoyi da waifai suke cunkushe. A cikakken ɗakin taro, ko in mai maganar ya juya maka baya, sauti yana iya yankewa. In da hali ka zaɓi wanda yake naɗa a cikinsa, kamar Wireless GO II, ko da ya yanke kana da ajiya.

Akwai abin da ba za ka ji a bakin masu sharhin kaya na ƙasashen waje ba: shadda. Sabuwar shadda mai sitati tana ƙara, ango yana gyara babbar riga a kafaɗa za ka ji ƙwaras-ƙwaras ya rufe maganarsa. Kada ka ɓoye makirfon a ƙarƙashinta. Ka maƙala a bakin wuyan 'yar ciki yana kallon waje, inda rigar ba ta gogarsa. In mace ce, ka miƙa wa 'yar uwarta ta maƙala mata a saman mayafi ko hijabi, ka nuna wurin daga nesa. Wannan ladabi ne, kuma shi yake sa a sake kiranka gidan.

A wa'azi da maulidi, ka je da wuri ka gaisa da mai kula da na'urar sauti, ka roƙi layi daga miksa zuwa ƙaramin rikoda irin Zoom H1n. Sautin miksa yana da ƙarfi, ka rage shi ya riƙa kaiwa wajen -12 a ma'auni, don in ya fashe da wuya manhaja ta ɗinke shi. Ka bar makirfon kyamara a kunne don kabbarar jama'a da daidaita baki da murya. Kuma abin sauraro ya zauna a kunnenka daga farko har ƙarshe.

Kowa yana cewa in sayi gilashin 50mm f/1.8. In saya?

Gilashi ne mai kyau da araha, amma ka san kyamararka. A kan ƙaramar sensa ta Canon, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ana ninkawa da 1.6, sai ya koma kamar 80mm, wato ya ƙara zuƙowa. A Sony da 1.5, kamar 75mm. Ka shiga ɗakin amarya a gidan haya a Agege, gado ya cinye rabi, akwatunan lefe sun cinye sauran, ƙawaye sun cika ƙofa. Za ka manna bayanka da bango amma fuska ɗaya kawai kake samu. A irin wannan wuri Sigma 16mm f/1.4 ko mai zuƙowa irin Tamron 17-70mm f/2.8 sun fi amfani, kai ko 18-55 da ya zo da kyamarar in akwai haske.

Son dusashe baya kuma a yi shi da lissafi. In dangi sun jeru layi uku ka buɗe gilashi sosai zuwa f/1.8, na gaba ne kawai za su fito. Gwaggon amarya da ta taso tun daga Sakkwato ba za ta karɓi bayanin cewa salo ne ba.

In ango ya sa fararen kaya sai fuskarsa ta yi duhu. Yaya zan yi?

Kyamara ta ga fari ya cika allo sai ta rage haske da kanta, fuskar baƙin mutum ta nutse. Ka karɓe ragamar, ka saita da hannu, ka auna da fuska. Ka kunna alamar zebra, wato layukan da ke fitowa a allo, don ka ga inda farin ya fara ƙonewa, ka tsaya dab da nan don aikin zaren rigar ya fito. Da rana tsaka a waje, filtar ND, wato baƙin gilashi mai rage haske, ce za ta bar ka a 1/50 ba tare da komai ya yi fari fat ba. Sannan ka lura da rumfa: jar kanofi tana rina fuska ja, shuɗiya ta mai da mutane kamar marasa lafiya. Ka saita launi da farar takarda a ƙarƙashin rumfar, ko ka jawo mutanen bakin inuwa.

Na ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashina. Mene ne?

Funfuna ce. Wanda ya koyi aiki a Kano ko Kaduna ƙura ya sani, yana rufe kaya ruf a jaka yana ganin ya tsare su. A Legas wannan rufewar ita ce cutar, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ruwa yake sauka ba ƙaƙƙautawa. Duhu da danshi da rashin iska su funfuna take so, kuma in ta daɗe tana cinye rufin gilashin, ko an wanke tabon yana nan.

Da ka dawo aiki ka fitar da kaya daga jaka. Ka samu roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka zuba ƙwayoyin silika masu shan danshi, ka sa ɗan ma'aunin laima, ka riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. In silikar ta ƙoshi ta sauya launi, a gasa ta a hankali ta dawo aiki. Gilashin da ya kamu da funfuna ka ware shi ka kai wa mai gyara. Haka in ka fito daga mota ko ɗaki mai sanyin AC, gilashi zai yi gumi nan take; kada ka goge da gefen riga, ka bar shi a jaka ya ɗan ɗumama tukuna. In an yi ɗauka a bakin teku, a share jikin kaya a ranar, iskar gishiri tana cin ƙarfe.

Ina zan saya, kuma me zan duba a ta hannu?

Computer Village a Ikeja da kasuwar Alaba International a Ojo nan aka fi zuwa, akwai kuma masu tallatawa a intanet. Ko ina ne, kada ka sayi kifi a ruwa. Ka je da memorinka da wanda ya san kaya. Ka cire gilashi ka haska fitilar waya ta cikinsa ka nemi funfuna. Ka ɗauki farin bango da ƙaramar buɗa kamar f/16 don dattin sensa ya bayyana, ka rufe murfi ka ɗauki duhu ka nemi ɗigon da ke haske. Ka jijjiga wayar HDMI mai kai hoto zuwa allo da ta makirfo a raminsu. Adadin bugun shota yana nuna yawan hotuna ne kawai, ba ya faɗin awannin bidiyon da ta sha, don haka ka bar ta tana ɗauka minti ashirin a shagon ka ga ko za ta yi zafi. A rubuta lambar jikinta a rasit.

Memori kuwa jabu ya yi yawa. Za a rubuta 128GB, cikinsa bai kai ba, sai ranar biki fayil ya ƙi buɗewa. Ka nemi mai alamar V30 da ke nuna saurin rubutunsa, ka gwada shi da manhajar H2testw mai auna ainihin girmansa kafin ya ga aiki. Farashi yana bin dala, shi ya sa ba na faɗin kuɗi. In babban aiki ya faɗo da ke buƙatar babbar kyamara irin Sony FX3, akwai masu ba da haya a garin nan. Ka sa kuɗin hayar a lissafin mai aiki.

Diron fa, wato ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto? Kuma zan iya kafa kyamara a titi haka kawai?

Tashi da diron a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Agege kuma tana maƙwabtaka da filin jirgin Murtala Muhammed, don haka can ba wurin gwaji ba ne ko an roƙe ka. In mai biki ya nace, ka ɗauko mai takarda ya yi wannan ɓangaren.

Shirya fim a titi yana da nasa izini daga hukumar tace fina-finai ta Jihar Legas, kuma ko da takarda a hannu, 'yan unguwa za su zo neman nasu da zarar sun ga ƙafa uku a ƙasa. A kasuwa ka fara da shugabannin kasuwa ko fadar Sarkin Hausawan wurin, su haɗa ka da yaro ɗaya da kowa ya sani ya tsaya kusa da kai. Ka rage tarkace, jakarka a gaba, memorin da ya cika kuma ya koma aljihun wando nan take.