Purple da violet: launi ɗaya ne ko biyu?

Duk shunayya muke ce musu. Ina bambancin yake a Turanci?

A hirar yau da kullum, purple ita ce babbar rumfa: duk launin da ya faɗo tsakanin ja da shuɗi za a iya kiransa purple. Violet kuwa ɗaki ɗaya ce a cikin gidan, wanda ya fi karkata wajen shuɗi. Idan ja ya rinjaya, kamar fatar jar albasa, Bature zai ce purple. Idan shuɗi ya rinjaya, kamar maganin GV da ake shafa wa ciwo, zai ce violet; harafin V ɗin ma daga nan yake.

A kimiyya fa?

Nan ne rabuwar take da gaske. Violet haske ne guda mai zaman kansa, tsawon zangon igiyar haskensa kimanin nanomita 380 zuwa 450 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma shi ne launin ƙarshe a bakan gizo. Purple ba shi da zango nasa ko kaɗan, babu shi a bakan gizo. Sai jan haske da shuɗin haske sun shiga ido tare, ƙwaƙwalwa ta gauraya su, sannan a gan shi. Tunda violet ne a ƙarshen bakan gizo, shi ya sa hasken da ke bayansa, wanda ido ba ya gani, ake kiransa ultraviolet. Wanda ya rubuta ultrapurple a jarrabawa ya faɗi.

Daga ina sunayen suka samo asali?

Violet sunan wani ɗan fure ne. Purple ya fito daga purpura ta Latin, sunan dodon koɗin teku da mutanen birnin Taya na Lebanon ta yau suke rini da ruwansa. Tsadar rinin ba ta wasa ba ce: a 1909 wani masanin sinadarai ya matse kusan dodon koɗi 12,000, ya samu giram 1.4 kacal. Don haka ya zama tufafin sarakunan Rum, kuma har yau purple ake danganta wa sarauta a Turanci.

Me ya sa kwamfuta take nuna violet kamar ruwan hoda?

Sunayen launi na shafukan intanet sun karya ƙa'idar cewa violet ya fi karkata wajen shuɗi. A can ana auna ƙarfin hasken ja, kore da shuɗi daga 0 zuwa 255: purple shi ne ja 128, kore 0, shuɗi 128, mai duhu. Violet kuwa ja 238, kore 130, shuɗi 238, mai haske sosai. Duba da kyau, a duka biyun ja da shuɗi daidai suke, haske kawai ya raba su. Mai aikin zane ya ba maɗaba'a lambar launi ko samfurin takarda, kada ya dogara da suna.

Na haɗa jan fenti da shuɗi, ya fito ruwan ƙasa. Me ya faru?

Jan naka yana da ɗigon rawaya a ciki, irin jan tumatir. Ja, shuɗi da rawaya in sun haɗu, laka suke bayarwa. Nemi ja mai karkata wajen ruwan hoda mai ƙarfi. Don violet, fara da shuɗi kashi biyu, ja kashi ɗaya. Don purple, fara da rabi da rabi, kana ƙara jan kaɗan-kaɗan. Gwada a gefen allo ka bari ya bushe tukuna, domin fentin ruwa yakan sauya kama bayan ya sha iska.