Ma'anar "Mento" a Labaran Almara, da Aibun Dattijon da Ya San Komai

Kalmar "mento" ta shiga bakin matasa sosai. Mai koyon ɗinki, mai koyon haɗa manhajar kwamfuta, mai son fara kasuwanci a intanet, kowa sai ka ji yana neman mento. Ana nufin wanda ya riga ka gaba, ya ga jiya ya ga yau, ya kama hannunka ya nuna maka hanya. Ya fi malamin aji kusanci da kai, amma bai kai uba ba. Ubangida ma bai yi daidai da shi ba, domin ubangida ana yi masa hidima, shi kuwa mento shi ne yake ɗawainiya da kai.

A wajen masu karanta labaran almara, irin na sihiri da takubba da dodanni, kalmar tana da wata ma'ana ta musamman. Ita ce sunan dattijon nan da ke bayyana a farkon labari, sau da yawa da furfura da sanda, ya tarar da yaro maraya ko ɗan ƙauye da bai san kansa ba, ya gaya masa cewa akwai babban aiki a gabansa. Merlin ne a labarin Sarki Arthur na Birtaniya, Gandalf a littafin The Lord of the Rings na Tolkien, Dumbledore a littattafan Harry Potter na Rowling, Obi-Wan a fim ɗin Star Wars. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san ɗan'uwansu, akun da ya riƙa tsare Musa ɗan sarki da labarai har gari ya waye don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya.

Asalin kalmar sunan mutum ne. A tsohuwar waƙar Girkawa ta Odyssey, da Odysseus zai tafi yaƙin Troy sai ya bar amanar gidansa a hannun abokinsa Mentor. Shekara 20 mai gida bai dawo ba. A cikin wannan lokaci masu neman auren matarsa suka cika gidan, suna yanka dabbobinsa suna shan giyarsa, Mentor kuwa ya kasa korar ko ɗaya. Ya tashi a taron gari ya yi faɗa, aka yi masa tsawa taron ya watse. Shawarwarin kirki da ɗan Odysseus, Telemachus, ya samu sun fito ne daga Athena, abar bautar Girkawa ta hikima, wadda ta rikiɗe da siffar Mentor. A 1699 wani malamin Faransa, Fénelon, ya sake rubuta labarin Telemachus don tarbiyyar jikan Sarki Louis na 14, ya mai da Mentor cikakken malami. Daga nan sunan ya zama kalma. Ashe tun daga tushe, wanda aka ba amana bai iya riƙe ta ba.

Aibin da ya fi damuna a irin wannan dattijo shi ne ɓoye magana. Ya sani, yaron bai sani ba, kuma ran yaron ne a kan layin wuta, ba nasa ba. A fim ɗin Star Wars na 1977 Obi-Wan ya dubi Luke, yaron da yake koyarwa, ya gaya masa cewa Darth Vader ne ya ci amanar mahaifinsa ya kashe shi. A fim ɗin 1980 Luke ya ji gaskiya daga bakin maƙiyin, yana rataye a bakin rami an sare masa hannu: Vader ne mahaifin nasa. Da aka tuhumi Obi-Wan a fim na uku, sai ya kare kansa da cewa maganarsa gaskiya ce idan aka dube ta ta wata fuska. Wannan kwana-kwana ce. An shirya yaro ya kashe ubansa ba tare da ya san ubansa ba ne.

Dumbledore ya fi kowa nisa a wannan. Shi ya ajiye Harry, jarumin labarin, yana jariri a bakin ƙofar yayar mahaifiyarsa, da wasiƙa kawai a jikin zanen goyo, yaron ya shekara goma yana kwana a ɗan lungun ƙarƙashin matakala. Shi ya ji annabcin da aka yi game da yaron tun kafin a haife shi, ya riƙe a cikinsa shekara da shekaru. A littafi na biyar, na 2003, ya yi shekara guda yana kauce wa haɗa ido da Harry, bai gaya masa dalili ba. Rashin sanin nan ne ya sa aka yaudari yaron ya ruga cikin tarko, Sirius, mutum ɗaya da ya rage masa a matsayin uba, ya rasa ransa wajen ceto shi. Sai a ranar, yaro na jifa da kayan ofis don baƙin ciki, dattijon ya zauna ya ce laifinsa ne, ƙaunar da yake yi masa ce ta sa ya yi ta ɗaga ranar faɗin gaskiya. Na yarda da ƙaunar. Amma duk lokacin da na karanta wurin, Sirius nake tunawa, wanda ba a tambaye shi ba kafin a biya kuɗin wannan ƙauna da ransa.

Kuskuren Gandalf na wani iri ne, kuma ya fi sauƙin yafewa. Shekara 17 ta wuce tsakanin ranar da Frodo, jarumin labarin, ya gaji wani zoben sihiri da lokacin da Gandalf ya tabbatar da ko wane zobe ne. Da ya ga haɗari ya matso, sai ya rubuta wa Frodo wasiƙa cewa ya bar gida kafin ƙarshen Yuli, ya ba mai masaukin garin Bree ya aika. Mai masauki mutum ne mai mantuwa, Gandalf ya san haka. Wasiƙar ta kwana a wurinsa wata uku. Shi kuma Gandalf ya tafi neman shawara wajen shugabansu Saruman, wanda tuni ya sayar da kansa, aka tsare shi a ƙololuwar hasumiya. Frodo bai fita ba sai ƙarshen Satumba, mahaya baƙaƙe na bin sawunsa, har suka soke shi da wuƙar da bai taɓa warkewa daga ciwonta ba. Abin da ya ɗaga Gandalf a idona shi ne lokacin da Frodo ya miƙa masa zoben ya ƙi karɓa, domin ya san tausayinsa ne zai zama ƙofar da zoben zai bi ya lalata shi. Merlin ma ya san makomarsa, ya san ɗalibarsa Nimue za ta rufe shi a ƙarƙashin dutse, amma son da yake mata ya sa ya ci gaba da koya mata sihirin.

Marubuta suna da dalilin gina shi haka. Idan dattijo ya faɗi duk abin da ya sani a babi na biyu, labari ya ƙare. Idan ya zauna kusa da yaro kullum, yaro ba zai girma ba, shi ya sa ake kashe shi ko a ɓatar da shi a tsakiya: Gandalf ya faɗa rami a Moria, Obi-Wan ya daina kare kansa aka sare shi, Dumbledore ya faɗo daga hasumiya a littafi na shida. Marubuci mai rauni yakan tsaya nan, ya sa dattijo yana magana a dunƙule ba gaira ba dalili. Gwani kuwa yakan mai da wannan buƙata ta labari ta zama halin mutumin, mai tushe a rayuwarsa.

Littafin Harry Potter na bakwai, na 2007, ya yi irin na gwanin. A ciki aka gano cewa Dumbledore yana saurayi ya ƙulla abota da wani matsafi, Grindelwald, suna mafarkin mulkar duniya, kuma a rikicinsu ƙanwarsa Ariana ta mutu, bai taɓa sanin hannun wa ya kashe ta ba. Daga ranar ya daina yarda da kansa a kan mulki, amma bai daina tsara rayuwar mutane a ɓoye ba. Ya san akwai wani yanki na ran Voldemort, mugun matsafin da ke farautar yaron, a jikin Harry, ya san dole yaron ya miƙa kansa ga mutuwa, yana dai kyautata zaton zai tsira. Har Dumbledore ya mutu bai gaya masa ba. Harry ya ji ne daga tunanin da malaminsu Snape ya bar masa yana gargarar mutuwa, ya tashi daga ƙasan ofishin, yana ɗan shekara 17, ya nufi daji shi kaɗai.