Feshin gona da kifin rafi: magana da manoman rani da masunta

Assalamu alaikum, 'yan uwa manoma da masunta. A aikinmu na malaman gona mun saba ganin manomi ya gama feshin tumatur ko shinkafa, ya sauke famfon feshi daga baya, ya nufi kwalbatin da ke kusa, ya cika shi da ruwa, ya girgiza, ya juye a wurin. Robar maganin kuma a jefa ta cikin ruwa ta bi. A ganinsa ɗan abin da ya rage a tanki bai taka kara ya karya ba. To, a wajen kifi ya karya.

Magungunan ƙwari irin su Karate da sauran masu ɗauke da sinadarin lambda-cyhalothrin ko cypermethrin ba sa yi wa mutum illa da sauri kamar yadda suke yi wa kifi, shi ya sa muke raina su. Kifi da ruwan yake numfashi. Ruwan yana ratsa matsatsin da ke gefen kansa dare da rana, gubar ta shiga jini kai tsaye, jikinsa kuma ba ya iya narkar da ita da wuri. Za ka ga karfasa ta taso sama tana buɗe baki, tana juyi a wuri guda, sannan ta kife ciki a sama. Wanda muke gani ke nan. Wanda ba ma gani ya fi yawa: ƙwan kifi, 'ya'yan kifi, talibambam, da ƙananan halittun ruwa da kifin ke ci. Idan waɗannan suka ƙare, shekara ta zagayo masunci ya jefa taru ya fito da ciyawa, sai a ce ai ruwa ne bai yi albarka ba bana.

Ruwa kuma ba ya tsayawa a gonar mai feshi. Wanda ya fito daga madatsar Tiga ya ratsa filayen Kadawa, Kura da Bunkure, rarar sa tana komawa Kogin Kano, ta bi Kogin Haɗejiya zuwa fadamun Haɗejiya da Nguru, ta wuce Gashuwa, ta bi Komadugu Yobe ta gefen Diffa har Tafkin Chadi. Duk wannan hanya akwai masu kamun kifi, masu shayar da shanu, da matan da ke ɗiban ruwan girki.

Akwai kuma tsohon ciwo, wato maganin ƙwarin nan Gamalin. Har yanzu akan sami wanda zai zuba shi a kududdufi don kifi ya taso ya kwashe a yini ɗaya. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, an saka shi cikin jerin da Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta hana a 2009, wani maganin ƙwarin mai suna endosulfan ya biyo baya a 2011. Dalili shi ne irin waɗannan ba sa ruɓewa da wuri. Suna kwantawa a taɓo, suna maƙalewa a kitse. Ƙaramin kifi ya ci, tarwaɗa ta cinye shi, giwan ruwa ya cinye ta, kowane mataki gubar tana ƙara taruwa, har ta iso tukunyar miya, har ta kai nonon mai shayarwa. Yi wa kifi banda ko soya shi ba sa korar ta. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba a Najeriya, amma a gaskiya Sarkin Ruwa da masu unguwa sun fi kowace takarda iya hana wannan, domin su suka san wa ya shiga ruwa da daddare. Haka ma masu yayyafa Sniper ko fiya-fiya a kan busasshen kifi don hana tsutsa, wannan ba adana ba ne, sayar wa jama'a cuta ne.

Gidan sauro mai magani shi ma da irin maganin da ke kashe kifi aka jiƙa shi. Kada a wanke shi a rafi, kada kuma a mai da shi koma.

Yanzu ga tambayar da aka fi yi mana: idan magani ya shiga ruwa, yaya za a fitar da shi? Amsar ba ta da daɗi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma kada a dogara da ita kan gubar feshi. Alam yana kwantar da laka ruwa ya yi garai-garai, amma abin da ya narke a ciki yana nan. Sinadarin kilorin aikinsa shi ma kan ƙwayoyin cuta ne. Abin da ke kama yawancin magungunan feshi shi ne gawayin da aka sarrafa musamman don tace ruwa, wanda ake samu a cikin wasu matatan ruwa, domin yana da ƙananan ramuka masu yawan gaske da gubar ke maƙalewa a ciki. Shi ma yana cika, dole a riƙa canza shi. Gawayin murhu bai kai shi ƙarfi ba. Kuma wannan duka maganar randa ce, babu mai tace kogi. Rijiyar da magani ya zube a ciki a rufe ta, a sanar da jami'in tsafta na ƙaramar hukuma.

Saboda haka aikin yana bakin gona. Idan robar magani ta ƙare, a ɗauraye ta sau 3, kowane ɗauraye a juye cikin tankin feshi, a fesa a gonar. Sannan a huda robar don kada yara su ɗauka su zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Wankin famfo a ɗebo ruwa a bokiti, a yi shi can cikin gona nesa da kwalbati da rijiya. In hadari ya haɗo ko iska tana kaɗawa a haƙura da feshi, ruwan sama zai wanke kuɗinka ne ya kai rafi. Kada a nome har bakin ruwa. A bar ciyawa, ko a dasa jema, saiwarta tana riƙe ƙasa da abin da ke tafe da ita. Awon da ke jikin takarda shi ne awo, ƙarin murfi guda “don ya fi ci” ba ya ƙara amfani.

Idan aka wayi gari da matattun kifi iri-iri tare da kwaɗi, kada a ci, kada a kai kasuwa, kada a ba kaji. Wanda ya ci ko ya sha ruwan ya fara dalalar da miyau, gumi, amai, zawo ko numfashi da ƙyar, a bar batun madara da manja, kada kuma a tilasta masa amai. A garzaya asibiti da shi, a riƙe robar maganin da ake zargi, domin da sunan da ke jikinta likita zai san allurar da ta dace.