Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgin Sama: Nisan Hanya da Awannin Tafiya

Kilomita nawa ne tsakanin Kano da Jidda?

In aka ja layi miƙe daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz, kimanin kilomita 3,400 ne. Madina ta ɗan fi nisa, wajen 3,550. Layin yana ratsa Chadi da Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya.

Awa nawa ake yi a sama?

Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa in ya daidaita a sama. A lissafi awa huɗu ke nan, amma hawa da sauka ba a yin su da cikakken gudu. Shi ya sa tafiyar kai-tsaye takan kai awa huɗu da rabi in an bi miƙaƙƙiyar hanya. Lokacin da ke kan tikiti kuma ya haɗa har da gangarawar jirgi a ƙasa, daga inda aka rufe ƙofa zuwa inda za a buɗe ta.

To me ya sa tikiti yake nuna awa shida da rabi?

Nan mutane da yawa suke rikicewa. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma kowane lokaci a tikiti da agogon garinsa ake rubuta shi. Jirgin da ya tashi Kano ƙarfe 10:00 na dare ya sauka Jidda 4:30 na asuba, awa huɗu da rabi ya yi. A dawowa abin juyawa yake: a tashi 10:00 na safe, a sauka Kano 12:30 na rana. Mai zuwa taryen alhaji ya bi lokacin saukar yadda aka rubuta shi, kada ya ƙara ko ya rage komai.

Me ke tsawaita tafiyar?

Babban dalili shi ne rufe sararin samaniyar wata ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, dole jiragen alhazai suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu, kuɗin mai ya hau, na kujera ma ya bi shi. Akwai kuma iska. Da hunturu iskar can sama daga yamma take kaɗawa, tana tura mai zuwa Jidda, tana danne mai dawowa; da damina takan juyo daga gabas. Hadari ma kewaye shi matuƙi yake yi.

Jirgin da ke yada zango fa?

Ta Alƙahira nisan yakan kai kilomita 4,300, ta Addis Ababa ma zagaye ne. Amma ba nisan ne yake cinye lokaci ba, zaman jira ne. Kafin ka biya, duba tazarar da ke tsakanin jiragen biyu. In ta gaza awa ɗaya da rabi, ɗan jinkiri a Kano ya isa ya sa jirgi na biyu ya tafi ya bar ka, ko ka isa jakarka ba ta iso ba.

Yaushe mai Umara zai ɗaura harami?

Wanda zai wuce Makka daga Jidda a sama zai ƙetare miƙati, kuma jirgi ba ya tsayawa. Gara a yi wanka a ɗaura tun daga gida ko a filin jirgi, a bar niyya sai an yi sanarwa. Kada a kuskura a sa haramin cikin jakar da za a auna a tura ƙasan jirgi.