Waiwaye: Rigimar fili ba baƙuwa ba ce a Wimbledon

Da an ambaci Wimbledon, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne gasar tanis, da 'yan wasa cikin fararen kaya a kan ciyawa. Su kuwa mazauna wannan unguwa ta Landan, abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya a 'yan shekarun nan shi ne maganar fili. Ƙungiyar All England mai shirya gasar tana so ta shimfiɗa filayen wasa 39 a tsohon filin golf na Wimbledon Park, ɗaya daga ciki mai ɗaukar 'yan kallo 8,000. Ƙaramar hukumar Merton, wadda unguwar ke ƙarƙashinta, ta amince a 2023, ta Wandsworth da wani yanki na filin ya faɗa cikin iyakarta ta ƙi, sai ofishin magajin garin Landan ya karɓi maganar, ya ba da izini a Satumban 2024. Masu adawa suka garzaya kotu, suna tuna wa kowa cewa lokacin da Merton ta sayar wa ƙungiyar filin a 1993, an rubuta alkawarin ba za a cika shi da gine-gine ba.

Wannan ba shi ne karon farko da aka yi rigimar fili a Wimbledon ba. A tsohon tsarin Ingila, kowace coci tana da yankinta, ita ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, ita ke kula da matalauta da gyaran hanya. Wimbledon irin wannan gunduma ce a lardin Surrey, kimanin kilomita 11 kudu maso yamma da tsakiyar Landan. Ƙauyen da cocinsa ta St Mary suna kan tudu, kogin Wandle na gabas, rafin Beverley na yamma, ga kuma makekiyar makiyaya inda talaka ke da ikon kiwo da saran itace. Ƙasar dai ta manya ce. Ta daɗe a hannun babban limamin Canterbury kafin Sarki Henry na Takwas ya karɓe ta a 1536, ta yi ta sauya hannu har ta faɗa gidan Spencer a 1744, gidan da daga baya Gimbiya Diana ta fito.

Jirgin ƙasa ne ya birkita komai. A 1838 aka buɗe tasha, amma a gindin tudu aka yi ta, nesa da ƙauyen, don haka sabon gari ya tsiro a ƙasa. A ƙidayar 1851 mutanen gundumar ba su kai 2,700 ba, zuwa 1901 sun ninka sau goma sha biyar. Har yau Wimbledon biyu ce, ta tudu mai manyan gidaje da tsada, da ta ƙasa mai tasha da kantuna da cunkoso.

Da fili ya yi daraja, sai ido ya koma kan makiyaya. A 1864 mai ƙasar, basarake Spencer na biyar, ya kai ƙuduri majalisar dokoki yana neman ya kewaye ta, ya mai da wani ɓangare lambun shaƙatawa, ya sayar da wani a yi gidaje. Ya ce wurin ya lalace, yana bukatar magudanar ruwa da tsaro, kuma a wannan bai yi ƙarya ba. Sai dai maƙwabtansa ba manoma kaɗai ba ne a lokacin, akwai attajirai da lauyoyi da jirgi ya kawo, irin su Henry Peek da ya jagoranci adawar. Aka yi shekara bakwai ana jan zare. Dokar 1871 ta cire filin daga hannun Spencer, aka yanka masa fam 1,200 a shekara, aka damƙa wurin ga amintattu takwas, biyar mazauna ke zaɓa, uku gwamnati ke naɗawa. Gidajen da ke kusa suna biyan wani ƙarin haraji don kula da shi har gobe. Hekta 460 ke nan, idan an haɗa da ta Putney, da aka hana a taɓa kewayewa. Injin niƙa mai aiki da iska da aka gina a 1817 yana nan tsaye a ciki, ya zama gidan tarihi.

Wimbledon Park bai sami irin wannan gata ba, kuma a ganina nan ne tushen rigimar yau. Lambun gidan Spencer ne, har da tafkin da aka haƙa musu a ƙarni na 18. Sun sayar da shi a 1846 ga mai harkar gidaje, aka yi ta yankarsa, ragowar ce hukumar gari ta saya gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙungiyar tanis, da ta fara gasarta a titin Worple a 1877, ta tare a gefensa a 1922.

Ita kanta gundumar ta narke cikin Merton a 1965. Abubuwan more rayuwa kam ba a magana: jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1889, gidan wasan kwaikwayo na 1910, taragon da ke zuwa Croydon tun 2000, masallaci a titin Durnsford, da wurin ibadar mabiya Buddha na 'yan Thailand. Masu bin ƙwallo ma sun san unguwar ta taɓa rasa fili. Ƙungiyar Wimbledon da ta doke Liverpool ta ɗauki kofin FA a 1988, da John Fashanu ɗan asalin Najeriya a gaba, ta bar filinta na titin Plough Lane a 1991, daga baya aka kwashe ta zuwa Milton Keynes. Magoya baya suka kafa tasu a 2002, ba su dawo titin ba sai 2020.

Hujjar All England ita ce wasannin share fage na gasar a wata unguwa daban, Roehampton, ake yin su, tana so ta dawo da su gida, ta kuma yi alkawarin buɗe wa jama'a wani yanki na filin da a da sai 'yan kulob ɗin golf ke shiga. A Yulin 2025 Babbar Kotu ta yi watsi da ƙarar da aka shigar kan izinin ginin, masu adawa suka ce da sauran rina a kaba.